Lisp ɗin biyarin ya ƙi tashi, ga filan ɗin Epe ana jira gobe

Ɗan Zango: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a kawo mini ɗauki, tun la'asar kaina ya ɗaure. Ni ke zana filan a ofishin wani safiyo a nan Agege. Makon jiya had-dis ɗin laftof ɗina ya mutu murus, na kai Ikeja aka sa sabo, aka mayar mini da Windows da manhajar zane ta AutoCAD, na 2018, irin wanda ofis ke amfani da shi tun da. Akwai wani lisp, wato ɗan rubutun umarni da ake loda wa AutoCAD ya yi maka aiki da kansa, da na gada daga wanda na maye gurbinsa: ka zaɓi layin iyakar fili, shi kuma ya rubuta maka biyarin (kusurwar da gefe ya fuskanta, a digiri) da tsawon kowane gefe. Shekara biyu muna tare ko tari bai taɓa yi ba. Yau na loda shi da APPLOAD, ya ce ya lodu lafiya, na buga umarnin, na zaɓi layi, sai ga wannan:

; error: no function definition: VLAX-ENAME->VLA-OBJECT

Kuma fayil ɗin nan dai shi ne na cikin filash ɗina, ko waƙafi ban taɓa ba. Fili ne a Epe mai bikon (turakun iyaka) 34, oga zai sa hannu gobe da safe. In da hannu zan rubuta su ɗaya bayan ɗaya, to yau a ofis zan kwana.

Bakano a Ikko: Wa alaikumus salam. Goge AutoCAD ɗin ka sake sakawa kawai, a wuce wurin.

Hajiyar Zane: Kar ka goge komai tukuna, ƙanena. Buga wannan a layin umarni, har da baka-biyunsa, ka danna Enter:

(vl-load-com)

Ba zai ce maka komai ba, kar ka ɗauka bai yi ba. Sai ka sake gwada umarnin naka.

Ɗan Zango: Allahu Akbar! Hajiya, wancan saƙon ya ɓace. Sai dai wani ya fito a madadinsa:

; error: no function definition: ACET-UI-PROGRESS

Bakano a Ikko: Ka gani ko? An gudu ba a tsira ba. Na ce a goge.

Hajiyar Zane: Malam Bakano, ai ci gaba aka samu. Lisp yana tafiya ne layi bayan layi, duk inda ya kira sunan da bai sani ba a nan yake tsayawa ya faɗa maka sunan. Da ya tsaya a farko, yanzu ya wuce nan ya tsaya a gaba. Saƙon nan ba zagi ba ne, adireshi yake ba ka.

Abin da za ka riƙa dubawa shi ne haruffan farkon sunan. Kamar lambar mota ne: ka ga KJA ka san Ikeja ce, ka ga GGE ka san Agege. Duk fankshin ɗin (ƙaramin aikin da lisp ke kira da suna) da ya fara da VLA- ko VLAX- ko VLR- na Visual LISP ne, yana cikin AutoCAD tun na 2000, ba a sayo shi daban. Sai dai barci yake har sai an tashe shi da layin da na ba ka. A tsohuwar kwamfutarka wani lisp ne daban yake tashe shi kullum in ka buɗe zane, naka yana cin arzikin maƙwabci ba ka sani ba. Ka buɗe fayil ɗin da Notepad ka rubuta wannan layin a can sama, kafin komai, don kada gobe ka sake dawowa nan.

ACET- kuwa na Express Tools ne, wasu ƙarin kayan aiki na AutoCAD. Duba saman allo, akwai shafin Express Tools a jerin? In babu, ba a saka shi ba lokacin da aka mayar maka da AutoCAD.

Ɗan Zango: Babu shi kam. Na buga EXPRESSTOOLS ma ya ce bai san umarnin ba.

Injiniyan Obalende: To hanya biyu ce. Ta farko, ka shiga Control Panel, ka zaɓi AutoCAD ɗin, ka danna canji ba gogewa ba, a wurin ƙara kaya ka sa alama a kan Express Tools. Mai yiwuwa ya nemi fayilolin da aka saka shi da su. In ba su hannunka, ga ta biyu: ACET-UI-PROGRESS ɗin nan ba ya lissafin komai, ɗan layin nan ne da ke cika a ƙasan allo yana nuna maka aiki ya kai ina. Kwalliya ce. Nemo duk layin da sunan ya fito a fayil ɗin, ka sa alamar ; a farkonsa, lisp zai tsallake shi. Amma ka tabbata layin ya buɗe bakansa ya rufe shi a wuri ɗaya. In ka kashe layin da ke ɗauke da bakan rufe wani abu na sama, wani kukan daban za ka ji, zai ce maka malformed list on input.

Ɗan Zango: Fayilolin suna wurin mai gyara, kuma yanzu in na ce zan je Ikeja in dawo a go-sulon nan, sai bayan isha'i. Na bi ta biyu. Wuri uku ya fito, na kashe su. Ga na uku kuma ya zo, wallahi dariya ma abin ya fara ba ni:

; error: no function definition: RTD

Injiniyan Obalende: Wannan ai ɗan gida ne, kowa ya san shi. AutoCAD bai zo da shi ba, masu rubuta lisp ne ke ƙera abinsu tun zamanin da. Radiyan, ma'aunin kusurwa da lisp ke aiki da shi, yake mayarwa digiri, ƙanensa DTR kuma yana yin akasin haka. Wanda ka gada ya ajiye shi ne a wani fayil daban, wataƙila acaddoc.lsp da AutoCAD ke lodawa da kansa a kowane zane, ya tafi tare da had-dis ɗin. Manna wannan a ƙasan fayil ɗinka ka sake lodawa:

(defun rtd (r) (* 180.0 (/ r pi)))

Ɗan Zango: Ya yi! Ya yi wallahi! Na zana murabba'i na ja layi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, ya rubuta 45°00'00" daidai. Injiniya, Hajiya, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa. Bari in kunna shi a kan filan ɗin in tura wurin buga takarda.

Baba Safiyo: Dakata, ɗana. Yanzu na shigo daga masallaci na karanta daga sama. Kada ka tura komai. Kana da tsohon filan da ka yi da lisp ɗin nan kafin kwamfutar ta lalace, wanda aka riga aka sa wa hannu?

Ɗan Zango: Akwai, Baba, ranka ya daɗe. Suna cikin filash.

Baba Safiyo: Buɗe guda. Zaɓi gefe ɗaya, kowane ne, ka kunna lisp ɗin a kansa, ka faɗa mini abin da tsohon rubutu ya ce da abin da sabon ya ce.

Ɗan Zango: Innalillahi. Tsohon ya ce 60°12', sabon ya ce 29°48'. Tsawon dai iri ɗaya ne, mita 30.48.

Baba Safiyo: Haɗa biyun ka gani. 60°12' da 29°48' sun ba ka 90 cif. Ba kuskuren lissafi ba ne, wurin fara ƙirga ne ya bambanta.

Mu masu safiyo daga arewa muke fara ƙirga biyarin, mu bi yadda hannun agogo ke tafiya: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Shi kuwa fankshin ɗin angle na lisp daga gabas yake farawa, ya juya saɓanin agogo, a radiyan, kuma ba ruwansa da abin da ka saita a UNITS. Saboda haka abin da Injiniya ya ba ka RTD ne na gaskiya, irin wanda duniya ta sani, amma ba shi ne RTD ɗin da wancan yaron ya rubuta ba. Nasa yana mayarwa digiri sannan ya juya shi zuwa biyarin, sai ya bar masa tsohon suna. Rashin kirki ne a rubutu, amma ana yi.

Kai kuma ka je ka gwada da layin 45. A duk faɗin da'ira, 45 da 225 ne kaɗai inda ƙirgan biyu ke haɗuwa. Kamar mutum ne ya gwada tsayayyen agogo da ƙarfe sha biyun rana ya ce yana aiki.

Injiniyan Obalende: Baba, na karɓi laifina. Sunan na gani na yanke hukunci ban tambayi inda ake kiransa ba. Mu a zanen gini ba mu cika damuwa da arewa ba.

Ɗan Zango: Jikina har rawa yake. Da na tura, bikon 34 duk sun tafi a karkace, da sunan oga da hatiminsa a ƙasa.

Baba Safiyo: Shi ya sa ni ban taɓa jin haushin saƙon no function definition ba. Wanda ya tsaya ya yi maka ihu ai masoyinka ne. Wanda nake tsoro shi ne lisp ɗin da ke tafiya lami lafiya yana zuba maka lambobin ƙarya cikin kyakkyawan rubutu. Na fara aikin nan da AutoCAD R12 a kan DOS, lokacin AutoLISP, wato lisp ɗin AutoCAD, shi kansa bai daɗe ba, a 1986 ya fito. Tun wancan lokacin duk rigimar filan da na gani ta kai gaban manya, ba wadda kwamfuta ta yi kuka a kanta. Fili a Legas kuwa kun san ba abin wasa ba ne, taku biyu ma ana shekara goma a kotu.

Share na Injiniya ka sa wannan:

(defun rtd (r / d)
  (setq d (- 90.0 (* 180.0 (/ r pi))))
  (if (< d 0.0) (+ d 360.0) d)
)

Hajiyar Zane: Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Kafin ya sa, ya fara dubawa wuri nawa ake kiran RTD a cikin fayil ɗin. In har da shi ake karkata rubutun don ya kwanta a jikin layi, to wannan sabon zai gyara lamba ya ɓata kwanciyar rubutu.

Ɗan Zango: Na duba, Hajiya. Wuri ɗaya ne tak, daidai inda ake haɗa digiri da minti da sakan. Karkata rubutun da vla-put-rotation yake yi, radiyan ɗin yake ba shi kai tsaye.

Baba Safiyo: Madalla da 'yata. To sa shi, ka gwada da gefe huɗu a tsohon filan, kowanne ya fuskanci ɓangare daban: ɗaya tsakanin arewa da gabas, ɗaya gabas da kudu, haka har ka zagayo. Kada ka sake kawo mini 45.

Bakano a Ikko: To ni dai an ƙi shawarata, kuma na ga alamar gara da aka ƙi. Amma ina da tambaya. Duk wahalar nan ai saboda an raba kayan gida biyu ne. Me zai hana kowane lisp ya ɗauki duk abin da yake bukata a cikin fayil guda, ka ba mutum ya tafi?

Hajiyar Zane: Ni ma ra'ayina ke nan in abin bayarwa ne. Duk lisp ɗin da zan tura wa wani, sai na buɗe AutoCAD a kwamfutar da ba tawa ba na gwada shi tukuna. Yawancin abin da ake turowa a zauren nan rabi ne. Mutum ya kwafo babban umarnin daga intanet ya bar ƙananan da ke ƙasan shafi. Shi ya sa kuke yawan ganin sunan da ya fara da LM: yana ɓacewa, na wani marubucin lisp ne mai suna Lee Mac, kuma yana ajiye su a shafinsa, sai ka koma ka ɗauko wanda aka bari. In kuma DOS_ ka gani, na DOSLib ne, shi ba lisp ba ne ma, fayil ɗin ARX ne da dole ya dace da shekarar AutoCAD ɗinka. Na wata shekarar ba lallai ya shiga wata ba.

Injiniyan Obalende: A nan kam ban yarda ba, Hajiya, ranki ya daɗe. Ina da lisp sun haura arba'in, kusan rabinsu suna amfani da ƙananan fankshin iri ɗaya. In na manna su a kowane fayil, ranar da na gano kuskure a ɗaya sai na bi fayil ashirin ina gyara, kuma tabbas zan manta wani. Abin da ya fi muni, in fayil biyu suna da fankshin mai suna ɗaya, wanda aka loda daga baya shi ke danne na farko, shiru ba sanarwa. A ce yau Ɗan Zango ya loda wani lisp da ke ɗauke da RTD irin nawa bayan nasa, biyarin ɗinsa ya koma 29°48' ba tare da ko kuka ɗaya ba. Ni rumbu ɗaya nake yi, fayil guda, acaddoc.lsp ya loda shi a kowane zane.

Hajiyar Zane: Ai rumbun ne ya ƙone wa yaron nan, Injiniya.

Injiniyan Obalende: Rumbun da ba a san da shi ba. Nawa yana folda ɗaya da sauran, kwafinsa na cikin imel ɗina.

Baba Safiyo: Dukanku kuna da gaskiya, amma batun danne suna da Injiniya ya kawo shi ne babba, kuma maganinsa ba wuya. Ɗana, in ka huta gobe ka canza masa suna daga RTD zuwa wani abu da ba mai irinsa, ko da ZANGO-BIYARIN ne, a wurin da aka ƙera shi da wurin da ake kiransa. Manya da ƙananan haruffa duk ɗaya ne a wurin lisp, shi ya sa saƙon kuskure ke nuno maka sunan da manya ko da ƙanana aka rubuta. In kuma kana shakkar ko wani suna yana nan, sa alamar motsin rai a gabansa a layin umarni, kamar !rtd. In ya ce nil, babu shi.

Mai Tuffa: Salamu alaikum, tunda ana kan maganar. Ni Mac nake amfani da shi, kuma wannan VLAX ɗin ya hana ni sakat. Na buga layin da Hajiya ta bayar ya fi sau goma, ba abin da ya canza.

Hajiyar Zane: Ba zai canza ba, ɗan'uwa. Waɗannan fankshin ɗin a kan ActiveX suke tafiya, shi kuma kayan Windows ne. AutoCAD na Mac yana karanta lisp, amma ba wannan ɓangaren ba. Sai dai a sake rubuta wurin da entget da entmod, tsohuwar hanya, ko ka ari kwamfutar Windows.

Bakano a Ikko: Mu a ofis AutoCAD LT ne, wato ƙaramin AutoCAD. Da ko lisp ba ya karɓa, sai daga na 2024 aka buɗe masa. To amma Express Tools babu, don haka duk mai ACET- a jiki ba ma wahalar da kanmu. Wani abu kuma, ni kullum na loda lisp sai akwati ya fito yana tambayata ko na yarda. Wani ya ce in mayar da SECURELOAD zuwa 0 in huta.

Injiniyan Obalende: Kar ka soma. Tun na 2014 aka sa wannan shingen kuma da dalili. AutoCAD yana loda acad.lsp da acaddoc.lsp da kansa, a da ma har wanda ya tarar a foldar da zanen yake. Masu ƙera ƙwayar cuta sun daɗe da gane haka. A 2012 kamfanin ESET ya bankaɗo wata mai suna ACAD/Medre.A, da lisp aka rubuta ta, tana kwashe zanen mutane, galibi a Peru, tana turawa ta imel zuwa Sin. Mu nan da filash ɗaya ke zagaya ofis biyar da shagon buga takarda a yini guda, ka ce za ka cire ƙofa? Bar shi a 1. Ka yi folda guda ta lisp ɗinka, ka shiga OPTIONS, shafin Files, ka sa ta a Trusted Locations da kuma Support File Search Path, tambayar za ta daina. In kuma wani ya turo maka foldar zane ka ga acaddoc.lsp a ciki ba ka san dalili ba, buɗe shi da Notepad ka karanta kafin ka taɓa zanen.

Mai Tuffa: Na taɓa sa ɗaya daga cikin manhajojin AI ɗin nan ta rubuta mini lisp. Ta kawo shi tsaf kamar gaske, na loda, ya ce bai san VL-STRING-SPLIT ba. Kwana biyu ina neman fayil ɗin da ya ɓace.

Hajiyar Zane: Ba abin da ya ɓace, AutoCAD ba shi da fankshin mai wannan suna. Ta ga 'yan'uwansa irin su vl-string-search da vl-string-subst ne ta haifa musu ƙane. In suna ya fara da vl- kuma ka danna F1 ka neme shi babu, to daina wahala, rubuta naka.

Ɗan Zango: Jama'a na dawo. Na gwada gefe huɗu kamar yadda Baba ya ce, duk sun dace da tsohon filan har sakan. Na kunna a kan na Epe, na ɗauki takardar lissafin da oga ya kawo daga fili ina bi ɗaya bayan ɗaya da biro. 33 sun yi daidai. Guda ɗaya ne ya rubuta 118°24'60".

Baba Safiyo: Wannan tsohon ciwo ne, ba na yau ba, ka duba tsofaffin filan ɗinka ma wataƙila ka tarar da irinsa. Sakan ɗin 59 ne da ɗoriya, ya cika shi zuwa 60 bai kai ɗaya gidan minti ba. Gyara shi da hannu zuwa 118°25'00" yau. Gobe ka turo mini fayil ɗin in duba wurin, sai a fara mayar da komai sakan a cika, sannan a raba. Ka turo shi a matsayin fayil, kada ka bi da shi ta Word, yana lanƙwasa alamar zance lisp ya ƙi karantawa.

Ɗan Zango: An gama, Baba. Allah ya ƙara girma. NEPA sun ɗauke, batir saura 11, bari in fitar da PDF kafin ta mutu.

Bakano a Ikko: In Baba ya gyara a sako shi nan zaure don Allah, tunda an cire masa ACET ɗin zan gwada a LT ɗinmu. Da RTD ɗin a ciki fa.